Ana ƙidaya ruwan Damargu, amma wa ke ƙidaya iskarta?

Duk wanda ya taɓa cin damina a Nijar ya san al'adar nan ta gidan rediyon ƙasa. Idan an yi ruwa, sai a shiga jero garuruwa ɗaya bayan ɗaya, ana faɗin milimita nawa kowanne ya samu: Tanut kaza, Gangara kaza, Belbeji kaza. 'Yan Damargu da ke ci-rani a Yamai da Kano da Agadas, har da waɗanda suka tsallaka Sabha ko Tamanrasat, sukan bi wannan lissafi kamar yadda ake bin sakamakon ƙwallo, sannan su buga waya gida su yi barka da ruwa. Abin da ba ya fitowa cikin jerin shi ne abin da ya riga ruwan isowa. Ba a faɗin cewa kafin ɗigon farko ya sauka, iska ta yi rabin awa tana kwasar rairayi tana zubawa a kan geron da bai wuce kwana goma da tsirowa ba. Ba a faɗin rufin aji nawa ta yaye, ko rumbu nawa ta kwantar. Manomi yakan ji a rediyo cewa garinsu ya samu milimita 20, alhali shi yana tsaye a tsakiyar gona yana neman inda shukarsa ta shiga.

A Damargu iska masifa ce mai zaman kanta. Tana da lokacinta, tana da hanyar da take biyowa, kuma a yau ana iya hango ta kafin ta iso. Duk da haka hukuma na kallonta kamar wani abu da aka haifi mutane a cikinsa, wanda ba ya bukatar sanarwa balle tanadi. Wannan kallo ne ya kamata ya sauya, kuma sauya shi bai kai tsadar da ake zato ba.

Ga wanda bai san wurin ba, Damargu ita ce ƙasar da ke arewa da Damagaram, a kan hanyar Agadas. Garin Tanut yana da nisan kimanin kilomita 150 daga birnin Damagaram, Belbeji kuma tana yamma da shi, a yankin Tarka, kuma sai a 2011 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Nan ne noma yake ƙarewa kiwo ya karɓa. Dagirawa da Hausawa da Abzinawa da Fulani suna zaune a kan ƙasa mai faɗi, marar dutsen da zai tare komai, wadda ruwanta a yawancin shekaru ba ya wuce milimita 300. A da ita ce rumbun Abzin. Ayarin gishirin Bilma da Fashi nan yake gangarowa ya sayi hatsi, kuma Bature matafiyi Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta a watan Janairun 1851 ya shaida yawan hatsinta. Ƙasar da ta ciyar da ayari ita ce yau ake yawan jin sunanta cikin jerin yankunan da abinci bai ishe su ba. Ana ɗora laifin a kan ƙarancin ruwa, kuma gaskiya ne. To amma ruwa yana da abokin aiki.

Iskar Damargu iri biyu ce, kuma haɗa su wuri guda shi ne kuskuren farko. Akwai ta hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas tun daga wajejen Nuwamba har zuwa Maris. Mafi yawan ƙurar da take ɗaukowa daga ƙasar Chadi take tasowa, a wani kwari da ake kira Bodele, wanda a da can ƙarƙashin babban tafki yake. Duwatsun Tibesti da na Enedi suna matse iskar a tsakaninsu kamar ruwan da aka tura cikin mazurari, sai ta fito da ƙarfi ta kwashe farar ƙasar da tafkin ya bari. Masana sun daɗe da amincewa cewa babu wani wuri guda a duniya da ya kai Bodele fitar da ƙura, har wani kaso nata yakan tsallake teku ya sauka a dajin Amazon. Kafin ta kai can, ta kan Nijar take bi. Idan buji ya yi ƙarfi, rana takan zama kamar farin faranti, mai tafiya ba ya ganin raƙumin da ke gabansa, kuma da dare ɗari yakan sauko ƙasa da digiri 10 a daji. A Bilma an taɓa auna sanyin da ya wuce na daskarewar ruwa. Wanda ke cikin ɗakin siminti da bargo biyu zai ce ai wannan ba wani abu ba ne. Almajirin da ke kwana a zaure, da jaririn da ke cikin bukkar tabarma, da tsohuwar da ta shigo da kaskon gawayi ɗaki ta rufe ƙofa, su ne suka san ko wani abu ne.

Ta biyu ita ce ta farkon damina, daga Mayu zuwa Yuli. Ita daga gabas take zuwa, a gaban hadari, kamar jan bango mai tafiya. Ba ta daɗewa, sau da yawa ba ta wuce minti 20 zuwa 30 ba, amma cikin wannan ɗan lokaci take gama aikinta. Wani lokacin ruwa ya biyo baya, wani lokacin kuma holoƙo ne kawai, ta yi ɓarna ta wuce ba ko ɗigo. Binciken da aka yi shekaru da dama a cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kusa da Yamai, ya nuna abin da manomi ya riga ya sani da idonsa: rairayin da ke gudu dab da ƙasa yana kankare ganyen ƙaramin gero kamar an goga masa sabulun dutse, sannan ya binne shi a cikin ramin shuka, rana ta fito ta ƙarasa shi. Shi ya sa a Damargu sake shuka sau biyu ko uku a damina guda ba labari ba ne. Kowace sake shuka kuwa iri ne da aka cire daga bakin yara, ko aka ciyo bashinsa, kuma kwanaki ne da aka zabge daga daminar da dama can gajeriya ce. Geron da aka shuka a makare shi ne wanda ruwa ke ɗaukewa ya bar shi bai nuna ba. A rahoton ƙarshen shekara za a rubuta cewa ruwa ya ɗauke da wuri. Ba za a rubuta cewa iska ce ta cinye makonni ukun farko ba.

Makiyaya ma suna da nasu kason. Waɗanda suka ga shekarar 2010 ba su manta ba. Daminar 2009 ta gaza, ciyawa ta ƙare tun kafin bazara, dabbobi suka rame har ana ɗaga saniya da hannu. Da ruwan farko ya zo da iska mai sanyi, dabbobin da suka jure yunwar wata da watanni suka faɗi a dare ɗaya ko biyu. Jikin da ba kitse ba ya iya riƙe ɗumi idan ya jiƙe iska na kaɗa shi. Abin da ke kashe tumaki a kan duwatsun Turai idan guguwar ƙanƙara ta rutsa da su, shi ne dai ya kashe shanu a arewacin Nijar, bambancin kawai a nan ba farar ƙanƙara a ƙasa da za a ɗauki hoto.

Wannan kwatance da Turai ba don ado aka kawo shi ba. Matasan da suka je can sun san yadda abin yake. A tsaunukan Alps, idan iska mai ƙarfi ta haɗu da dusar ƙanƙara, mutum ba ya bambanta sama da ƙasa, hanya takan ɓace, kuma wanda ya yi nisan 'yan taku daga mota yana iya kasa komawa. Duk direban da buji ya taɓa rutsawa tsakanin Tanut da Adarbisinat zai gane wannan bayani ba sai an fassara masa ba. Su ma Turawan ba da wayo aka haife su ba, wuya ce ta koya musu. A ranar 23 ga Fabrairun 1999, bayan kwanaki ana zuba ƙanƙara da iska, tarin ƙanƙara ya gangaro daga dutse ya afka wa ƙauyen Galtur a ƙasar Ostiriya, ya kashe mutum 31. A ƙarshen Disambar wannan shekara wasu guguwa biyu suka ratsa Faransa a jere suka kashe mutane kusan 90. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasar ta hango iskar, amma sanarwarta ba ta isa kunnen jama'a ta yadda za su gane girman abin ba. Daga nan ne a watan Oktoban 2001 aka fito da taswirar gargaɗi mai launi huɗu: kore, ɗorawa, ruwan lemo da ja. Ana sabunta ta aƙalla sau biyu a rana, kuma kowane launi yana tafe da umarni a fili: kada a hau dutse, a ɗaure abin da iska za ta iya ɗauka, a jinkirta tafiya. Ɗan Damargu da ke wankin kwanuka a wani gari a gindin Alps yana samun wannan saƙo a wayarsa ko bai nema ba. Mahaifinsa da ke Tarka, wanda dukiyarsa kaf tana tsaye a fili, ba mai gaya masa komai.

Abin da ya fi ciwo shi ne ilimin yana nan, kuma a cikin gida yake. A Yamai akwai hukumar hasashen yanayi ta ƙasa. A Yamai ɗin dai cibiyar AGRHYMET take, wadda ke yi wa ƙasashen Sahel aikin nazarin yanayi da noma, haka nan cibiyar ACMAD mai yi wa Afirka baki ɗaya. Ƙasashe kaɗan ne a nahiyar suka tara irin waɗannan masana a birni guda. Can a Barsalona ta ƙasar Sipaniya kuma akwai cibiyar da Hukumar Yanayi ta Duniya ta ɗora wa alhakin hasashen ƙura a arewacin Afirka, tana fitar da taswira kullum a intanet, kyauta, mai nuna inda ƙura za ta bi nan da kwana biyu zuwa uku. Tun 2018 ta fara yi wa Burkina Faso gargaɗi mai launi, daga baya aka faɗaɗa shi zuwa wasu ƙasashen Sahel har da Nijar. Hasali ma hango bujin hunturu tsohon ilimi ne. Tun zamanin Turawan mulki, masu duba yanayi a filin jirgin saman Kano suna lura da rahoton Faya a Chadi, don sun san idan ƙura ta tashi a can, nan da kwana ɗaya ko makamancin haka za ta rufe Kano. Harkar jiragen sama ba ta wasa da iska, kuma wanda ya tuna hatsarin jirgin alhazai na Kano a ranar 22 ga Janairun 1973, inda mutum 176 suka rasu yayin sauka cikin iska mai ƙarfi, ya san dalili. Matuƙin jirgi yana samun labarin iska kafin ya tashi. Direban da ya ɗora fasinja 30 a kan buhunan hatsi ya nufi Agadas, shi sai dai ya ɗaga kai ya dubi sama.

Kuma hanyar tana cin rai. A watan Yunin 2015 an tsinci gawarwakin matafiya 18 a kusa da Arlit, kuma hukumar kula da ƙaura ta duniya ta ce guguwar rairayi ce ta ɓatar da su daga hanya har ƙishirwa ta kashe su. Arlit ba Damargu ba ce, amma duk wanda ya taso daga Damagaram ko Kance ya nufi Aljeriya, ta Tanut yake wucewa. Tashar motar Tanut wuri ne da allo guda mai launi da ɗan sanarwa da lasifika za su iya sa direba ya kwana ya bari ƙura ta lafa.

Iskar farkon damina ta fi wuyar hasashe, ba a iya faɗin ainihin ƙauyen da za ta faɗa wa tun kwana uku. To amma tana da hali guda da ke taimakon mai son yin gargaɗi: daga gabas take tafiya zuwa yamma, da gudun da bai cika wuce kilomita 50 zuwa 60 a awa ba, kuma tauraron ɗan'adam yana ganin hadarin da ke tura ta tun yana haɗuwa. Hadarin da ya wuce Teskar yana bukatar awa uku ko huɗu kafin ya iso Tanut, sannan ya ƙara wani lokacin kafin Belbeji. Awa uku ba ƙaramin lokaci ba ne. Ya isa malami ya sallami yara daga ajin zana, mai awaki ya kora su gindin tudu, mata su kashe wutar murhu, 'yan kasuwa su sauke rumfa, mai rufin kwano ya ɗora masa duwatsu. Ba zai ceci geron da ke gona ba, wannan maganinsa daban ne, amma zai ceci rai da dabba da rufi.

Batun aji ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. Gwamnatin Nijar da kanta ta taɓa faɗin cewa akwai azuzuwan zana kimanin 36,000 a ƙasar. An fi tuna su ne idan gobara ta tashi, kamar ta Maraɗi a watan Nuwamban 2021 wadda ta kashe yara aƙalla 25. Amma kafin wuta, iska ce abokiyar gabar ajin zana ta kullum. Da hunturu yara suna zaune a ƙasa ƙura na shiga musu ido da hanci, da bazara kuma guguwa ɗaya ta isa ta tashi makaranta, shekarar karatu ta ƙare ba tare da wani ya sanar ba. Hausawa suka ce iska na wahalar da mai kayan kara. A nan kayan karan su ne makarantar gaba ɗayanta.

Ga kuma lafiya. Likitoci sun daɗe da lura cewa sanƙarau yana tashi ne a lokacin da iska ta bushe ƙura ta yi yawa, ya kwanta da zarar ruwa ya sauka, kuma bincike a Nijar ɗin nan ya danganta yawan ƙura da ƙaruwar masu kamuwa. Tsakanin 1 ga Nuwamban 2022 da 27 ga Janairun 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙidaya mutum 559 da suka kamu a jihar Damagaram, 18 suka rasu, akasarinsu a kudancin jihar. Rigakafi shi ne babban makami, ba mai musu. Amma gargaɗin ƙura zai ba ƙaramin asibitin ƙauye damar sanin makon da zai shirya wa masu tari da ciwon haƙarƙari da asma, ya kuma ba uwa dalilin hana yaro fita. Abzinawa sun riga kowa gane wannan: amawalin da suke rufe baki da hanci da shi ya girmi duk wani takunkumi na asibiti.

Akwai masu cewa duk wannan surutun 'yan boko ne, makiyayi ya fi kowace kwamfuta sanin sama. Akwai gaskiya a ciki. Bafulatanin da ya tashi a daji yana karanta launin gabas, da yadda shanu ke ɗaga hanci, da shirun da ke zuwa kafin guguwa. Sai dai idonsa iyakarsa inda sama ta haɗu da ƙasa. Ba ya ganin Bodele, ba ya ganin abin da ke haɗuwa a bayan Teskar. Abin da ake nema shi ne a ƙara masa nisan gani, shi kuma ya ƙara wa na'ura abin da ba ta sani ba, wato wane kwari ne ke da mafaka, wace rijiya ce rairayi ke rufewa. Akwai kuma masu cewa iska ta Allah ce. Ruwa ma na Allah ne, kuma ba a fasa auna shi ba. Malamai sun sha karantar da cewa tawakkali bai hana mutum ɗaure raƙuminsa ba.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kuɗi. Ƙasa na fama da matsalar tsaro, tallafin waje ya ragu tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma ambaliyar 2024 kaɗai ta kashe mutum kusan 400, ta shafi sama da miliyan ɗaya da rabi, har tsohon masallacin Birnin Damagaram ya rushe. Wa zai bar wannan ya koma kan iska? Amsar ita ce ba a ce a gina sabuwar ma'aikata ba. Hasashen yana nan, an riga an biya kuɗinsa. Gidajen rediyon al'umma suna nan, sama da 100 a faɗin ƙasar tun daga na farko da aka buɗe a Bankilare a 1999. Tsarin gargaɗin gaggawa na ƙasa yana nan, da kwamitocinsa har matakin ƙananan hukumomi da ƙauyuka, suna bibiyar farashin hatsi da fari da ambaliya. Abin da ya rage shi ne wani ya ɗauki nauyin fassara: ya karɓi taswira da Faransanci, ya mayar da ita jimla uku da Hausa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, ya tura wa rediyo da tashar mota da shugaban makaranta da ardo a lokacin da zai yi amfani. Aikin mutum biyu ne da waya a kowace gunduma. Gaskiya ne wani lokacin za a yi gargaɗi iskar ta kauce, mutane su yi dariya. Maganin wannan shi ne a faɗi gaskiya tun farko, a bambanta "ana tsammani" da "ga ta nan tafe", kuma kada a ɗaga ja sai abin ya kai ja.

Sai dai gargaɗi ba ya rage wa iska gudu. Abin da ke rage mata gudu itace ne, da kara, da duk abin da ya tsaya a ƙasa. A nan ma Nijar ba ta bukatar aron darasi daga waje. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro don tare iska, kuma awon da aka yi ya nuna hatsin da ke bayan layukan ya fi na fili yawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar. A Maraɗi da kudancin Damagaram, sassabin zamani, wato barin kututture ya tofo a gyara shi maimakon a sare, ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 tun daga shekarun 1980, ba tare da an dasa ko an yi ban ruwa ba. A Damargu kanta, ƙungiyar Eden ta kafa fili a Dalli kusa da Tanut tun ƙarshen shekarun 1980, tana nuna cewa ana iya shuka irin itatuwan gida kai tsaye a ƙasa su rayu da ruwan sama kaɗai. Anza da magarya da aduwa da jiga ba baƙi ba ne a wannan ƙasa, suna tare rairayi kuma suna ba da abin kai wa baki a shekarar da hatsi ya ƙi. Binciken Sadore ya nuna cewa barin tan 2 na kara a kwance a kan kowace hekta yana rage rairayin da iska ke kwasa da kusan rabi.

To me ya hana? Talauci, da kuma yadda abubuwa suka cakuɗe. Karan da ya kamata ya kwana a gona yanzu kuɗi ne. Ana tattara shi tun kaka a kai gida, a ba dabba, a yi danga, ko a sayar da bazara lokacin da ya yi tsada. Ba za a ce wa mai 'ya'ya takwas ya bar kuɗi a ƙasa don iskar watan Yuni ba, sai an ba shi abin da zai maye gurbinsa. Gonaki kuma sun daɗe da tsallake iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, wadda dokar kiwo ta 2010 ta sake tabbatarwa. Kowace sabuwar gona a ƙasar kiwo fili ne da aka tuɓe wa riga aka miƙa wa iska, kuma tushen wata rigimar ce tsakanin manomi da makiyayi. Sannan ga itacen girki da na jin ɗumi. Abin mamaki, matatar man SORAZ da aka buɗe a 2011, wadda ke tace ganga 20,000 a rana kuma take fitar da gas na girki, a cikin gundumar Tanut take zaune. Motocin gas suna fita su nufi manyan birane, matan ƙauyukan da ke hango hasken matatar da dare kuma suna fita da gatari. Duk shirin Babbar Ganuwar Itatuwa da aka ƙaddamar tun 2007, wanda bai haɗa da sauƙaƙa wa waɗannan mata tukunyar gas ba, dasa da hannun dama ne a tuge da na hagu.

'Yan ci-rani da matasan birni suna da abin yi a nan, kuma ba sai sun jira gwamnati ba. Yadda aka saba, sai rufi ya tashi ake buga musu waya, su yi karo-karo su aika kuɗin sabon kwano, a sake kafa shi da ƙusoshin da suka gaza a bara. Kuɗin waya mai kauri da za a ɗaure rufin da jikin gini, da ladan magini na yini guda a watan Afrilu, bai kama ƙafar kuɗin sabon rufi a watan Yuni ba. Kusan kowane gari a Damargu yana da zauren WhatsApp na 'ya'yansa da ke waje, inda ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure. Ɗalibi ɗaya a jami'ar Damagaram ko ta Yamai, wanda ya iya karanta taswirar ƙura, zai iya ɗaukar saƙon murya na minti guda ya jefa a zauren, wani a gida ya kunna shi a bakin masallaci bayan sallar asuba. Sharaɗin kawai shi ne ya faɗi inda ya samo labarin, kada zauren ya koma kasuwar jita-jita.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 12 ga Yuli ta kowace shekara don yaƙi da guguwar rairayi da ƙura, ta kuma ware shekarun 2025 zuwa 2034 don wannan aiki, bayan alƙawarin da ta yi cewa zuwa 2027 kowane ɗan'adam zai kasance ƙarƙashin tsarin gargaɗi. Irin waɗannan shirye-shirye suna zuwa da kuɗi, amma kuɗin yana bin wanda ya zo da lissafi a hannu. A nan ne Damargu za ta sake yin asara idan ba a farga ba, domin ba ta da lissafin. Kantomomin Tanut da Tarka da Gangara da Olelewa da Falanko da Tenhiya za su iya buɗe littafi guda tun wannan hunturun, kusa da na ma'aunin ruwa: ranar da iska ta zo, daga ina, tsawon lokacin da ta yi, rufi nawa, dabba nawa, gona nawa aka sake shukawa, yara nawa aka kai asibiti cikin makon. Masu karanta ma'aunin ruwa a ƙauyuka su ne za su cike shi, tunda dama suna aika rahoto. Bayan damina uku, wanda zai je Damagaram ko Yamai neman ajin siminti ko irin shuka na gaggawa zai tafi da takarda mai kwanan wata da adadi, kuma gidan rediyon ƙasa zai samu layi na biyu da zai karanta bayan milimita.